Larabar da ta faɗo ranar Asabar

Birni, Damagaram
7 ga Yuli, 2010

Ya kai sanyin idona, ruwan randata a shekarar da famfunan Damagaram suka yi shiru, inuwata da tsakar rana, gawona mai fitar da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu: Lokotoro Alkasum, likitan dabbobi, mai tayar da saniyar da ta kwanta, wanda har yau bai iya tayar da harshensa ba!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa iya yi maka a biro, wato ofishinmu, ba, don idon mutane da kuma kunya irin tamu. Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannuna maimakon saƙo a ordinater, wato kwamfuta. Na ga abin da hannunka ke yi wa saƙo idan ka firgita, shi ya sa na nemi takarda da alƙalami.

Ka san ni ce sakatariyar biron nan, ni na buga takardar da ta ce ƙarshen watan nan za ka koma aiki Diffa. Na buga ta, na kai wa Madam Gana shugabarmu ta sa hannu, na ninke na sa a ambulan, ko ɗigo ban ɓata ba. Kwana ashirin da huɗu suka rage. Shekara ɗaya da rabi muna zaune bango ɗaya tsakaninmu, abin da na samu daga bakinka bai wuce ina kwana da ina gajiya ba, sai kuma tambayar ko wuta ta dawo. Haka za ka tafi ke nan, Lokotoro? Ka ɗaure jakarka, ka yi mini sai wata rana kamar yadda za ka yi wa mai gadi?

Ka tuna ranar Gidimuni? Tafkin ya ja baya, ƙasar ta tsattsage kamar diddigen mai tafiyar ƙasa, dabinai sun yi cirko-cirko suna kallon laka. Na bi ku ne don in rubuta sunayen makiyayan da za a ba dusa. Wata jar saniya ta kwanta a bakin lakar, mai ita, wani tsoho, yana zaune kusa da kanta ya ƙi tashi. Ka tuɓe rigarka ta biro, ka sa aka zura sanduna biyu ƙarƙashin cikinta, kai da mutum huɗu kuka ɗaga, kana yi mata magana a kunne kamar ƙanwarka, har ta dafa ƙafafunta ta tsaya. Ni kuwa ruwan gorata ya ƙare tun da hantsi. Ka miƙo mini taka, ka kau da kai, ka ce wai azumi kake yi. Ranar Talata, Alkasum! Bayin Allah na azumin Litinin da Alhamis, kai ka ƙirƙiro na Talata. Na karɓa na sha. Da muka tsaya a rijiyar makiyaya na hango ka bayan mota kana kwankwaɗar ruwan guga mai launin kunun kanwa. Tun ranar na san ba ka iya ƙarya ba. Tun ranar kuma zuciyata ta bar hannuna, ba ta dawo ba.

To, mu zo kan shekaranjiya Litinin.

Na shigo bironka da takardu, ka ji motsin takalmina, ka zabura kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunyar miya. Na ga kana danne-danne da sauri, sai allon ya yi fari fat. Ajandar rabon dusa da ƙwayar auduga ta wata guda, wato jadawalin randebu, alkawuran haɗuwa arba'in da shida da aka yi da garuruwa tun daga Hamdara har Gidimuni, kowane gari da ranarsa, kowane maigari an aika masa, duk ta tafi. Kuma don kada a ce ka yi aiki rabi, ka bi ta har kwandon sharar ordinater ka zazzage shi.

Wayyo, da ka ga fuskarka! Babu kwafi a takarda, tunda ku ne kuka ce zamani ya zo. Na san abin da kake hangowa, ni ma shi nake hangowa: makiyaya su koro dabbobin da da ƙyar suke tsayuwa, tafiyar yini guda, su zo su zauna jiran motar da ba ta san da zamansu ba. Ka ce mini a hankali za ka je ka gaya wa Madam Gana da bakinka. Na ce ka tashi mini daga kujera. Ka tashi, ka ce wai akwai wata akuya mara lafiya a Zango da ke jiranka, ka fita ko hularka ba ka ɗauka ba.

Bari in koya maka, hasken raina, don in ka je Diffa babu Larai a can. Abin da aka share daga ajanda kwandon shara yake faɗawa, can ake fara dubawa, a jawo shi a mayar. In an zazzage kwandon, kamar yadda wani gwani ya yi, ba a yanke ƙauna ba tukuna. Babbar na'urar ƙungiyarmu da ke Yamai tana riƙe duk abin da aka zubar har kwana talatin. Akwai wurin da ake dannawa a saman allo a roƙe ta ta nuna su, sai a zaɓi waɗanda ake so, ta maido su kwando, daga kwando a kwashe su zuwa ajanda. Faɗa da baki ba wuya. Layinmu na intanet kuwa ka san shi, tafiyar jakin da ya yini bai ci ba. Sau biyu aka ɗauke wuta. Ban ci abincin rana ba. Ɗaya bayan ɗaya nake duba su, gari da rana, don kada in aika motar Hamdara zuwa Mirya.

Arba'in da shida nake nema. Hamsin da biyar suka fito.

Taran da suka yi yawa duk suna ɗaya gare su: Laraba. Laraba ranar Litinin, Laraba ranar Asabar, Laraba ranar Juma'a, har da Laraba ranar Lahadi da ba a aiki. Hankalina ya tashi. Na ce shi ke nan, na'ura ta dagula ranaku, in har ta iya ɗaukar Laraba ta kai Asabar, me ta yi wa garuruwan mutane? Na kira Baba Sallau shofer na tambaye shi ko akwai wani gari, ko rijiya, ko ruga da ake kira Laraba a hanyarsu. Ya yi tunani, ya ce shekara talatin yana tuƙi a ƙasar Damagaram, ya san kasuwannin Laraba kaf, amma bai taɓa jin wadda ke ci ranar Asabar ba. Sai ya dube ni, ya dubi hularka a kan tebur, ya yi gyaran murya, ya ce shi dai bari ya je ya duba iskar taya.

Sai na buɗe ɗaya na karanta abin da ke cikinta. Bayan la'asar. Birni, lungun bayan babban dutse, ƙofa shuɗiya. Gidan Malam Tahiru. A gaida shi da kyau. Kada a manta goro.

Alkasum, ƙofar gidanmu ce shuɗiya. Malam Tahiru mahaifina ne. Ni ce aka haifa ranar Laraba, shi ya sa ake ce mini Larai. Ashe ta taran ce a buɗe a gabanka da na shigo, ita kake son ɓoyewa ka kwashe garuruwa arba'in da shida tare da ita! Na zauna a kujerarka, fanka ta tsaya, gumi na zuba, ina dariya ina share hawaye da bakin mayafi, ban san wanne ya riga wanne ba.

Kuma na'urar nan ba ta iya rufa wa mutum asiri ba, tana rubuta lokacin da aka share kowane abu. Ta farko ka share ta da ƙarfe uku da rabi, ana gab da kiran la'asar. Ta biyu minti goma bayan ka rubuta ta, ita wannan ko numfashi ba ta yi ba. Ta Asabar ɗin can ba ka share ta ba sai Litinin da safe, na kuwa tuna Asabar ɗin ce Inna mahaifiyata ta ce wani mai moto, wato babur, ya tsaya a bakin lungunmu, ya tambayi gidan Malam Tahiru, aka nuna masa, ya yi godiya, ya sayi ƙuli-ƙuli wurin maƙwabciyarmu ya juya. Ƙuli-ƙulin ya yi daɗi? Kuma fa taran nan na kwana talatin ne kawai, iya abin da na'ura ke riƙewa. Na watannin baya nawa ne, Lokotoro? Goro nawa ya bushe a aljihunka? Sau nawa ka zagaya dutsenmu ina ciki ina wanke-wanke ban sani ba?

Hadarin bana ma haka yake mana. Ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a jera bokitai a gindin indararo, iska ta taso, ya wuce ko ɗigo babu. Ashe hadari biyu nake jira.

Ɗaya ce a cikinsu ta hana ni dariya. A ƙasan kwatancen gidanmu ka ƙara kalma uku: ba bana ba.

Na san abin da kake nufi, masoyina. Na san garken gidanku a Tanut, wanda ka taso a cikinsa, bana ya koma ƙasusuwa a bakin rijiya. Na san kana yini kana tayar da shanun mutane alhali naku babu mai tayarwa, ka dawo biro ka wanke hannu ka koma kan takardunka. Kana ganin ba shekarar da mutum zai shiga zauren dattijo ya nemi ƴarsa ba ce. To ka saurare ni da kyau. Babana ɗan ƙasar nan ne, ya ga farin shekarar tamanin da huɗu, a cikinsa ma ya auri Inna, kuma har gobe tana yi masa gori cewa da akuya ɗaya mai tari ya zo. Ba zai tambaye ka shanu ba, sallarka da halinka zai bincika. Ni kuma ban taɓa ganin garkenku ba. Kai na gani, tsamo-tsamo cikin laka, kana lallashin saniyar wani.

Ina son ka, Alkasum. Ka ga, na rubuta, alƙalami bai karye ba, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ina son ka son da ke sa in gane ƙarar motarku tun tana kwanar Zango, son da ke sa in tashi kai takardar da ba ta da gaggawa don kawai in wuce ta ƙofarka, son da ya sa na ajiye hularka a akwatin teburina kwana biyu na kasa mayar maka. Kuma ina jin tsoro. Diffa nisa gare ta, ni kuma na san ka: in ka tafi ba ka faɗa ba, can ma rubutawa za ka riƙa yi kana sharewa, har furfura ta same mu.

Garuruwa arba'in da shida sun koma ranakunsu. Jiya mota ta kai dusa Hamdara kan lokaci, Madam Gana ba ta san an yi komai ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Larabobinka tara na bar su a kwando, naka ne. Amma idan ka buɗe ordinater gobe za ka tarar da gayyata daga gare ni: mako mai zuwa, ranar Laraba, sha huɗu ga wata, bayan la'asar, gidan da ka riga ka sani. Ni na aika ta, don haka ko ka share ta a wurinka tana nan a wurina. Maɓalli uku ne a samanta, na amsawa, na ƙi, da na tsakiya mai cewa wataƙila. In ka danna na farko zan yi sujadar godiya. In ƙi ne a ranka ka danna na ƙin, zan yi kuka in wanke fuska, in buga maka takardun tafiya ba kuskure. Amma wallahi in ka taɓa na tsakiya, zan kwaso taran nan in zuba su a ajandar biro wadda kowa ke gani, in sa su riƙa ƙara kowace safiya. In kuma ƙafa ce ke yi maka nauyi, Baba Sallau ya ce shi ya san lungun, kuma motarsa ba ta tsayawa sayen ƙuli-ƙuli.

Saura magana ɗaya, ita kuma ba ta wasa ba ce. Jiya da yamma na gaya wa Inna. Muna tsince wake ne, ban san yadda bakina ya buɗe ba. Ta ɗago kai ta tambaye ni ko mai moton nan ne. Inna ta gaya wa Baba. Baba kuwa sai ya sa a fito da tabarmar baƙi a kakkaɓe ta. Wannan kam babu na'urar da za ta maido mini da ita ciki, na riga na faɗa, iyayena sun ji. Ni zan share zaure ranar, ni zan sanyaya ruwa, ni zan shimfiɗa tabarmar da hannuna. Don girman Allah, Alkasum, kada ka bar ni in naɗe ta babu wanda ya zauna a kai.

Taka a Damagaram, taka a Diffa in ka tafi da ni, taka a shekarar fari da shekarar ƙoshi, har ranar da za a daina ƙirga mini ranaku,

Larai