Muryar Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yar lelen Baba. Yaya fama da aiki? Mu nan lafiya lau, sai jikin Baba da ka sani, yau da sauƙi, gobe a kwance.

Za ka yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. Na rubuta na ɗauki hotonta na turo maka ne saboda a waya ba ka tsayawa, kullum kana kan hanya. Ga shi Baba maƙogwaro kawai aka cire masa, kunnensa ras yake, ko a kicin na yi raɗa sai ya ji.

Maganar kwamfutar nan ce, tsohuwar taka da ka bar mana. Ka tuna kafin a yi wa Baba aiki, ma'aikaciyar asibiti ta saka masa wata manhaja a ciki, ya zauna ya naɗi maganganunsa da muryarsa, kowace magana da maɓallinta. Ni na liƙa wa maɓallan ƙananan takardu masu launi don ya riƙa gane su. Kai a kiran bidiyo kawai kake jin su, ni kuwa da su nake kwana, da su nake tashi. Akwai na gaisuwa, na neman ruwa, na sa albarka. Akwai wanda ke cewa in rage surutu, shi kam takardarsa ta koɗe don dannawa. Sai guda ɗaya can gefe da ya hana ni liƙa wa komai, kuma ban taɓa ganin ya taɓa shi ba.

To, kamfanin da ya yi tsarin da ke tafiyar da kwamfutar ya daina kula da irin nata. Da farko saƙo ne yake fitowa, ina tsaki ina rufewa. Sai ga shi manhajar kiran bidiyo ta ƙi buɗewa ƙememe, wai sai an sabunta. Shi ya sa ka ji mu shiru ranar Asabar. Na gwada masa da wayata, amma idonsa ba ya ɗaukar ƙaramar fuska. Ya yi ta kusanto da ita hancinsa, daga baya ya ajiye ta a kan tabarma ya juya ga bango.

Na kai ta wurin mai gyara na bayan tasha. Ya ce sabon tsarin kamfanin ya fi ƙarfinta, kamar a ɗora wa tsohon keke buhun siminti. Amma akwai wani na kyauta, mara nauyi, da zai sa ta yi kira lafiya. Matsalar ita ce dole a goge komai, kuma manhajar muryar Baba ba ta aiki a kansa. Masu yin ta sun rufe tuntuni, maganganun kuma a kulle suke a cikinta, ba a kwashe su kamar hotuna. Na ce a bar tsarin biyu tare, ya ce cikinta ba zai ɗauka ba.

Yaya, ba cewa nake ka sayo sabuwa ba, na san yadda kake fama. Shawara nake nema. Ko dai Baba ya riƙe muryarsa ya daina ganinku, ko ya gan ku ya rasa ta. Ban gaya masa ba tukuna, bakina ya yi nauyi. Don Allah ka kira ni lokacin da nake wurin aiki.

Ka gai da Anti. Na bar ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya a gidanka. Baba yana gaishe ku, ko in ce ya nuna hotonku ya ɗaga hannu.

Na ga amsarka. Shafi biyu na cika, kai kuma ka turo layi ɗaya, wai in yi abin da na ga ya fi. Sannu da ƙoƙari, Yaya. Wallahi da kana kusa da ka sha magana.

Ashe ma duk ɓoye-ɓoyen da nake yi aikin banza ne. Na manta tsohon malamin makaranta nake jinya. Ya riga ni karanta saƙon da ke fitowa a kwamfutar, kuma ya ji ni ina waya da mai gyara. Ya jawo allon da yake rubutu a kai, ya daɗe yana fama da alli saboda rawar hannu, ya rubuta a goge. Na yi ta magana, na ce muryarsa ce fa, ba ta da wani wurin zama a duniya sai nan. Na ce zan riƙa buga masa hotunanku manya. Ya bar ni na gaji, sannan ya miƙa yatsa ya danna maɓallin rage surutu. Na fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

Da safen da zan kai kwamfutar wurin mai gyara, ya yi wanka ya sa farar rigarsa, ya zaunar da ni gabansa. Ya bi maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya gaishe ni, ya nemi ruwa alhali ga kofi a gefensa, ya tsokani jikarsa yana kiranta amaryarsa mai rowa, ya sa mini albarka har sau biyu. Na kara wayata a bakin lasifika ina naɗa, amma ƙarar fanka ta shiga, da shassheƙata. Ko da ya fito tas, ajiya ce kawai, yatsunsa ba sa iya lalubo komai a waya.

Daga ƙarshe ya danna wancan na gefe. Muryarsa ta fito, irin ta da, wadda ake ji daga ƙarshen layinmu idan yana kiranka ka bar ƙwallo. Sunan da yake kiranka ya faɗa, Dogo, ya tambaye ka yaushe za ka zo gida. Tun kafin a shiga da shi ɗakin aiki ya naɗi wannan, Yaya. Duk kiran da kuka yi yana gabansa, bai danna ba, don kar ya ɗora maka nauyi.

A shagon na tsaya a kan mai gyara har ya gama. Ya tambaye ni ko na tabbata, na gyaɗa kai. Wani siririn layi ya yi ta tafiya a fuskar kwamfutar har ya cika, shi ke nan. Yanzu tana gudu kamar sabuwa. Gidan ne ya yi shiru, sai ya ƙwanƙwasa kofi da cokali in yana nemana.

Asabar za mu kira. Ka zauna a gida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma 'yar lele ta huce.

Kar ku yi mata faɗa, yarinya ce. Sabon tsarin yana da tasa muryar mai karanta rubutu, Baba ya yi kwanaki yana koyon ta a kaina don ya gaishe ta. Muryar wani ce da ba mu sani ba, ba ɗumi ba daɗi. Ni ma ranar farko sai da tsikar jikina ta tashi, balle ita. Da ta ruga bayan Anti tana cewa ba Kakanta ba ne, ka ga murmushin da ya yi. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan ka ce ana jiranka ka kashe kiran. Ya daɗe yana kallon fuskarsa a gilashin kwamfutar. Sannan ya sa farce ya ɓanɓare takardun nan masu launi, ya tara su a tafin hannuna.

Tun ranar bai sake taɓa muryar ba. Amma kowace Asabar tun da hantsi yake sa farar riga, ya sa in goge idon kyamara da gefen mayafina. Wadda ta wuce ba ka kira ba, haka ya zauna har la'asar.

Likita ya ƙara masa magani, kuma ya ja ni gefe ya yi mini maganar da ba zan rubuta a takarda ba. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, amma kewarka ta fi yawa, ni ma na gaji ni kaɗai.

Jiya na tarar da yatsansa a kan maɓallin gefen nan, yana dannawa a hankali, ba abin da ke fitowa. Tunda shi ba zai iya ba, ni zan tambaya. Yaya, yaushe za ka zo gida?

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Auta