Sheƙar Laka a Kan Ɗaki Mai Taya

Curtina, 9 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Zulma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Aníbal da jikata Maite. Ni ƙalau nake, ƙafar ma ta yi sauƙi. Ki daina aiko wa maƙwabta tambaya a kaina kamar wani yaron goye.

To, nemi kujera ki zauna kafin ki karanta sauran. Na sayi ɗaki mai taya, irin wanda mota ke ja zuwa bakin teku lokacin hutu. Na marigayi mijin Doña Elbia ne, matar nan mai kaji a bayan makaranta. Goɗiyata na ba ta da sirdi, tunda dai Montevideo ba wurin goɗiya ba ne.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya ji jiki. Tun kina 'yar makaranta yake ajiye a filinta. Rufin yana yoyo, katakon ƙasa ya ruɓe ta bakin ƙofa, tayoyin sun nutse, kuma da na buɗe kabad sai ga kaza kwance a kan ƙwai tana harara ta, wai ni ne baƙon. Amma na shiga ƙarƙashi na ƙwanƙwasa ƙarfen ko'ina, lafiyarsa lau.

Ga dabarata. Masu dashen itacen turare da suka sayi gonar sun ce in bar gidan kafin ƙarshen shekara. Kin ce in dawo wurinki, na kuwa yi miki alkawari. Amma Maite ta zama budurwa, ba za ta koma kwanan falo ba saboda tsoho mai minshari. Zan gyara wannan, a ja shi zuwa bayan gidanku, gefen bishiyar lemun tsami. In tashi da asuba in sha mate ɗina, shayin ganyen nan namu, ban tashi kowa ba.

Ki gaishe da kowa.

Mahaifinki,
Heber

*

Montevideo, 21 ga Satumba

Babana,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Haba Baba! Akurkin kaji ka ba da goɗiyarka a kai? Aníbal ya yi dariya har ya ƙware da abinci. Ni kam ban yi dariya ba, musamman da na zo wurin da ka shiga ƙarƙashinsa da wannan ƙafar.

Ka manta watan Yuli ne? Ka faɗi a bayan gida cikin wannan sanyin, ba wanda ya sani sai da mai kawo burodi ya zo washegari. A asibiti nake aiki, Baba, ina ganin yadda irin haka ke ƙarewa. Tun da Mama ta rasu, duk sanda aka ƙwanƙwasa mana ƙofa sai gabana ya faɗi.

Maite da bakinta ta ce ta bar maka ɗakin, har mun yi masa fenti. Amma na san halinka, in ka kafe ka kafe. Ka zo da akurkinka, in dai za ka zo. Aníbal ya samu aron motar abokin aikinsa, zai zo ƙarshen Oktoba ya ja ku, kai da shi. Sauran gyaran a yi a nan, inda idona ke ganinka.

Ka sha maganinka.

'Yarka,
Zulma

*

Curtina, 14 ga Oktoba

'Yata Zulma,

Na ga takardarki, na kuma sha faɗan. Haka uwarki take yi, sai dai ita tana haɗawa da soyayyen burodinta na torta.

Ki ce wa Aníbal ya dakata. Ornero, tsuntsayen nan masu sheƙar laka, sun yi gini a kan rufin, daidai gefen tagar sama, har macen ta kwanta. Ke ma kin sani, ba a taɓa gidan ornero. Kakanki ya taɓa barin amalankensa a tsakar gona har damina ta wuce saboda sun yi gini a kai, ba wanda ya kira shi mahaukaci. Shekarun da na yi ina kafa shingen waya, in na tarar da lakarsu a kan turke sai in kewaye shi. Ba yanzu da furfura zan jijjiga musu ƙwai a kan kwalta har Montevideo ba.

Aiki kuwa yana tafiya. Na cire ruɓaɓɓen katakon na shimfiɗa sabo, na toshe yoyon ta ciki don kada in dame su. Guduma ma sai macen ta fita kiwo nake ɗagawa. Ki ga yadda suke tsayawa su biyu a bakin sheƙar, suna kaɗa fukafukai suna ihu tare! Doña Elbia ta ce faɗa suke, na ce a'a, labarin yini suke ba juna.

Da 'ya'yan sun tashi zan aiko miki. Kada ki damu.

Mahaifinki,
Heber

*

Curtina, 6 ga Disamba

Zuwa ga Zulma Silveira,

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ce Elbia Pintos, wadda kika rubuto wa kina tambayar ko gaskiya ne har yau 'ya'yan tsuntsun nan ba su tashi ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, na fi iya figar kaza.

'Yar nan, sun tashi tuntuni. Da idona na ga na ƙarshen ya fita. Ɗakin ma ya gyaru tsaf, ya sa masa tayoyi, ya yi masa labule da shimfiɗar teburin mahaifiyarki, mai furanni shuɗi. Har ya kwaso kayansa daga gona, a ciki yake kwana.

Kin san fari ake a nan, ƙasa ta bushe ƙamas, tsuntsu bai samun laka ko ta magani. To, wata safiya na leƙa ta tagar kicin sai na hangi babanki da bokiti biyu daga famfona, yana ɗingishi. Na bi shi. Ashe rami ya haƙa a bayan ɗakin, yana kwaɓa laka da ciyawa da kashin goɗiya. Tsuntsayen kuwa sai sauka suke suna ɗiba, har sun ɗora harsashin sabuwar sheƙa a gefen tsohuwar.

Na ce, "Heber, wannan kuma fa?"

Ya ce, "Taimakon maƙwabta ne."

Na ce, "Kai, tsohon nan, ji kunya! Kai ke ba su kayan gini, sannan ka rubuta wa yarinya wai sun hana ka tafiya?"

Sai ya zauna a kan bokitin, ya cire hula. Can ya ce, "Elbia, in na tafi, wa zai je wurin Nelly? Ba ta son zama ita kaɗai. Ko kasuwa sai na raka ta."

Kullum da yamma maƙabarta yake tafiya, wurin kabarin mahaifiyarki, da ƙoƙon mate da ruwan zafinsa. Ya share mata dutsen, ya zauna yana ba ta labarin ƙusa da fenti. Na ɗauka kin sani. Ya ce ba zai iya gaya miki ba, tunda ya yi alkawari, ku kuma kun yi fenti.

Na san tsoron da kike ji, an ba ni labarin Yuli. Abin da zan iya faɗa shi ne tagar kicin ɗina ƙofarsa take kallo. In gari ya waye ban ga ya fito ba, zan je in buga, ba na jin kunyar kowa. Fili kuwa ga shi nan, kaji ba su ce ya matse su ba. Amma fa ubanki ne, ba nawa ba, ke za ki yanke.

Kada ki ce ni na faɗa. Ko ma ki ce, oho, me zai yi min?

Na bar ki lafiya,
Elbia Pintos

*

Montevideo, 15 ga Disamba

Babana,

Ina gaisuwa. Na yi fushi da kai, na yi kuka, fushin ya tafi ya bar ni da kukan.

Aníbal ya mayar wa mai mota makullinsa. Muna zuwa Kirsimeti a bas, mu uku, kuma ni a ɗakinka zan kwana, ka nemo min katifa. Tsoron bai bar ni ba, Baba, kuma ba zai bar ni ba. Doña Elbia za ta riƙa buga maka ƙofa, in ka yi mata tsiya zan ji. Bokiti kuma ɗaya-ɗaya ake ɗauka.

In ka je wurin Mama da yamma, ka gaishe min da ita. Ka ce mata na haƙura, na bar mata kai.

'Yarka,
Zulma