Buhun Takin Ashige

Lafiya,
9 ga Disamba, 2007

Yaya Mailafiya,

Shin kwamfuta ta taɓa ɗaukar buhu a ka? In ba ta taɓa ba, don me za a gaskata ta a ƙaryata mutum? Yi haƙuri, zafin rai ya sa na tsallake gaisuwa. Yaya Kano, yaya gajiya? Yaya Anti Rabi da ƙafar Mutmainna? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke, in ka cire abin da ya faru a siton riɗinka.

Ranar Litinin akawun da ka ɗauko mana daga Abuja, Malam Sabi'u mai digiri, ya buga rahoton wata, ya ce riɗi tan biyu ya yi ƙafa. A gaban 'yan dako ya karɓe makulli daga hannun Baba Iorhemba, mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana riƙe da siton nan, ko mudu bai taɓa ɓata ba. Tsohon ya ɗauki hularsa ya tafi. Yau Lahadi, matarsa Mama Nguavese ta ce ko coci ya ƙi zuwa don kunya.

Ni da ake wa kallon ɗan firamare, ka san littafin koyon kwamfutar nan marar bango da na saya a tasha, wanda kake min dariya a kai. To, ya yi rana. Da akawu ya fita cin abinci na zauna na danna gidan jimla. Ashe duk buhun da ya shigo, kilo tamanin na'urar take ba shi, ba ruwanta da sikeli. Na bi layi-layi. Riɗin Doma daidai, na Kwandere daidai. Sai na ƙauyen Ashige. Bana manyan buhuna sun yi tsada, matan Ashige a buhun taki suka zubo riɗinsu. Na ɗora ɗaya a sikeli, kilo arba'in cif. Buhu hamsin ne. Lissafa da kanka, Yaya. Tan biyun da ake nema ko ƙofar sito ba su taɓa gani ba.

Na ƙara layin nauyin sikeli, na ɗaura jimla a kansa, lissafi ya zauna daram. Wallahi ranar ko ƙasa ban ji ina takawa ba.

Da na nuna wa mai digiri, sai ya tambayi wanda ya ba ni izinin taɓa na'ura. Wai ƙaramin kuskure ne, za a aika wa tsoho makulli gida a rufa asiri. Na kai makullin da kaina, Baba Iorhemba ya ƙi karɓa, kuma ban ga laifinsa ba.

Kai ne mai sito. Ka sa Malam Sabi'u ya tsaya a bakin ƙofa, 'yan dako na ji, ya faɗa da bakinsa: waye ya yi kuskure, tsoho ko shi?

Gaida kowa da kowa.

Ƙaninka,
Mahir