Ni na koya wa ɗana Faransanci, kakarsa ta ce iska ce

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku zage ni, zuciyata ta riga ku.

Ina zaune a Dogon Dutsi. Ɗana ya kai shekarun shiga lakwal, wato makaranta, amma ba ya magana, ba ya kallon idon mutum, ƙara kaɗan sai ya toshe kunne yana buga kai da bango. A likita aka ce mini otizim ne, in bi abin da yake so. Na lura in rediyo na Faransanci yakan natsu, sai na fara koya masa ɗan abin da na tsira da shi daga firamare: bonjour (gaisuwa), assis (zauna), debout (tashi tsaye). Ya kama! Ban faɗa wa kowa ba, har babansa, don kada a ce mai ƙaramin karatu ta zama malama.

Da muka je Dumega wurin Inna, uwar mijina, yaron ya miƙe tsakar gida ya ƙame kamar soja, ya ce "Debout! Assis!" Inna ta saki ludayi. Ta ce, "Babule ne! Iskokin nan sojoji masu yaren Nasara. Ke 'yar nan, wa ya koya mishi?" Na ce, "Wallahi Inna ban sani ba."

Me ya sa na rantse? Shekara da shekaru tana cewa nonona ne ya lalata mata jika. Ran nan ta dafa kafaɗata ta ce, "Ashe ba laifinki ba ne, ɗiyata." Ba ta taɓa ce mini ɗiyata ba. Daɗin kalmar nan ne ya rufe mini baki, kunyar faɗi nake ji.

Yanzu ta kira masu goge da ƙwarya, za a yi masa wasan bori ran kasuwa mai zuwa. Yaron da ko ƙarar babur ba ya jurewa, yaya zai yi a tsakiyar kiɗa da guɗa? Tun da muka dawo na daina koya masa. Yana zuwa ya ja mini zane ya ce "bonjour", ni kuwa in kau da kai.

In na faɗi gaskiya, na zama maƙaryaciya mai rantsuwar banza a gaban surukata. In na yi shiru, ɗana ne zai sha wuya. Me zan yi?