Ba A Shan Magani Ciki Ba Komai

Litinin, 2 Satumba 2024

Sakamakon jini ya fito. TSH, lambar da ake auna aikin maƙoshi da ita, ya hau. Ni da na ji "hau" har na ɗan yi murna, sai GP, wato likitata, ta ce a nan hawa ba alheri ba ne: maƙoshina, wato thyroid, ya yi kasala, jiki ke ta yi masa ihu. Ga ƙarancin jini, ga ƙarancin bitamin D da ake samu daga hasken rana. To ina ranar take a Manchester?

Ta ce mu dakata da neman wani cikin sai lambar ta sauka. Wata biyar ke nan da na yi ɓari. Mijina Ubaidullah ya ce Allah na nan. Na sani. Amma tsoro nake ji.

Lahadi, 15 Satumba

Ƙwayoyi uku, bayan asuba, da shayi mai kauri da burodi. Ban taɓa fashi ba.

Alhamis, 24 Oktoba

Lambar ba ta motsa ba. Na yi kuka a bas ɗin Stockport Road, wata tsohuwa ta miƙo min tishu.

Kafin nan GP ta tambayi yadda nake shan maganin. Na zayyana mata ina alfahari. Ta ajiye biro. Wai na thyroid shi kaɗai ake sha, da ruwa, ciki ba komai, a jira rabin awa ko fiye. Madara da ƙwayar ƙarin jini tare shi suke yi. Ita ƙwayar jinin sai bayan awa huɗu. Wai a rubuce yake a jikin kwalin. Na gani mana! Na ɗauka fi'ilin Turawa ne. A gidanmu ko na ciwon kai ne sai ka sa wani abu a ciki.

Asabar, 26 Oktoba

Hajiya mahaifiyata a waya daga Kano: "Ciki ba komai? So suke ya tsinka miki hanji? Ko kunu ki kurɓa, Rabi'a." Na ce to. Ban kurɓa ba. Raina bai so saɓa mata ba.

Lahadi, 10 Nuwamba

Rabin awa ba shayi. Ashe tana da tsawo.

Talata, 17 Disamba

Lambar ta sauka. GP ta ce ƙofar neman ciki a buɗe take. Ubaidullah ya yi sujada a kicin, ni kuwa na ci gaba da yanka albasa.

Asabar, 21 Disamba

Birmingham, sunan 'yar Yaya Aishatu a Aston. Tun ɓarin ban ɗauki jaririn kowa ba, kullum sai in ce mura nake yi. Yau Yaya ta ce, "Riƙe min ita in yi alwala," ta ɗora min ba ta jira amsa ba.

Da ta dawo ta miƙo hannu, na ce ta je ta ci abinci tukuna.