Darasin Tsargiya

Daren Talata, Dangora

Na kasa barci, sai juyi nake a kan tabarma. Yau a darasin bayoloji Malama ta zana mana dodon koɗi a allo, da wata 'yar tsutsa da ke fita daga jikinsa ta huda fatar mai wanka a rafi. Ta ce ita ke kawo tsargiya, mutum ya riƙa ganin jini a ƙarshen fitsari. 'Yan aji suka kwashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe, amma tun damina nake ganin jinin nan, ban gaya wa kowa ba. Ni ke kai shanunmu rafi, kuma har ƙugu nake shiga.

Da ta ce in an bar ta tana lalata mafitsara, ban ƙara fahimtar komai ba har aka tashi.

Bayan magariba na sami Baba yana ɗaure maruƙa. Da ƙyar na faɗa masa, kaina a ƙasa. Ya ce, "Wannan ai ba ciwo ba ne, Buba, girma ne. Ni ma na yi shi ina yaro."

Na ce, "Baba, tsutsa ce, kuma akwai maganinta a asibiti."

Ya gama ɗaure maraƙin da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ƙannenka ma can suke wanka ko?"

Na ce e.

Ɗazu ya leƙo ya ce kada in sa kayan makaranta gobe, asibitin Kiru za mu, har da ƙannena. Allah Ya sa ban makara ba.