Hotunan Matan Cikin Gida a Tabilet ɗin Maza

Assalamu alaikum Admin, a ɓoye sunana da na ƙauyen, sunayen da zan saka ma duk ba na gaskiya ba ne. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, amma kafin wani ya fara min wa'azi bari in faɗi wani abu. Duk wanda na kai wa maganar nan sai ya ce laifin waya ne, wai kayan Bature ba sa zuwa da alheri. Mamata haka ta ce, Yayana haka ya ce, shi kansa ogan namu da ya jawo abin cewa yake matsalar netwok ce. Ƙarya ne. Na'urar nan ba ta yi komai ba sai abin da aka sa ta. Mutane ne da gemunsu da carbinsu suka yi abin ƙyama, ni kuma aka bar ni da shi a wuya.

Ni 'yar Dutsin-Ma ce, na gama sakandire ban samu ci gaba ba, ina gida ina taya Mama suyar awara. Babana harkar hatsi yake a kasuwa, yana da wani aboki tun na ƙuruciya, zan kira shi Malam Bala, shi ne kodineta na wani shiri da wata ƙungiya ta kawo don masu kiwo a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma. Shi ya zo har gida ya ce wa Baba yana neman yarinya mai iya karatu da danna waya, saboda samarin da ya ɗauka su huɗu ba su iya shiga gidajen mutane, alhali awaki da tumaki na mata ne, a cikin gida suke a turke. Baba ya ce ga ɗiyarka nan, je da ita.

Aikin ba wuya. An ba kowa tabilet. In dabba ba ta da lafiya sai ka ɗauki hotonta, baki da ido da kashi in zawo take, ka yi magana ka faɗi abin da mai ita ta gani, ka danna tura. Ko babu netwok zai jira, da ka hau wurin da akwai sai ya tafi kilawud, wato wata ma'ajiya ce a intanet da ofis ke tara komai. Daga can wata likitar dabbobi, mace, a Katsina, za ta duba ta aiko da murya, a sayi magani kaza, a ba da kaza, a ware ta daga sauran. Kun san halin hanyoyinmu na daji yanzu, ba likitan da zai hau mashin ya nufi wajen Barkiya don akuya. To wannan ya zama likita ya zo ba tare da ya zo ba. Kuma wallahi yana aiki, ba talla nake musu ba. Da idona na ga awakin da da sai dai a yanka kafin su mutu sun miƙe suna cin harawa. Macen ƙauye akuyar nan ita ce bankinta, ita ce asibitin ɗanta, ita ce kayan ɗakin ɗiyarta.

Sai dai akwai doka guda, ranar da za a fara sa dabba a shirin dole mai ita ta fito a hoton tana riƙe da ita, wai don kada a sa akuya ɗaya da suna biyu. A nan aka fara samun cikas, mata suka ƙi. Gidan da na shiga sai a ba ni ruwa a ce sai maigida ya dawo. Wadda ta buɗe min ƙofa ita ce matar Liman na wani ƙauye a yankin Birchi, zan kira ta Malama Rabi, ita ke karantar da matan aure a tsakar gidanta da hantsi. Mace ce mai nutsuwa, ba ta son dogon surutu. Ta zaunar da ni ta ce, "Yarinya, tambaya ɗaya zan miki, hoton nan wa zai gani?" Na ce daga ni sai likita, kuma likitar mace ce. Ta ce kin tabbata? Na ce wallahi Malama, haka aka faɗa mana a tirenin, wato horon aiki, kowa da akawun ɗinsa na ajiye hotuna, na mata daban na maza daban. Ta ce shi ke nan, tunda kin ce wallahi. Ta miƙe a yadda take, wanki take yi, ɗaurin ƙirji ne a jikinta kanta ba ɗankwali, ta kamo jar akuyarta ta ce ɗauka. Matan da ke wurin suka yi ta dariya suna cewa Malama an zama 'yar fim. Daga ranar gidajen garin suka buɗe, har da na ƙauyukan kusa, duk inda na je sai a ce ai ita ce ta gidan Liman. Kuma duk haka nake samunsu, wata tana daka, wata tana shayarwa, wata ta kwance kitso rabi. Wa zai tsaya neman hijabi don mace 'yar uwarsa a tsakar gidansa?

Yadda na gano abin, wata rana ina zaune a gida na buɗe wurin hotuna na tabilet ɗina, sai na ga shanu. Ni ban taɓa ɗaukar shanu ba, wannan aikin samarin ne. Na ci gaba da ja, ga bijimai, ga gonar gero, ga ɗaya daga cikinsu, Shafi'u, ya ɗauki kansa a kan mashin ya karkata hula yana wani murmushi. Na yi dariya har na nuna wa Mama. Ban gama dariyar ba wata tambaya ta faɗo min. In nasu suna zuwa wurina, nawa ina suke zuwa?

Da safe na je ofis, ofis ɗin ma shago ne guda da benci da fanka. Na ɗauki tabilet ɗin ɗaya daga cikin samarin da ke caji na buɗe. Ga su nan. Duka. Malama Rabi da jar akuyarta, amaryar da ko wata uku ba ta yi a ɗaki ba, tsofaffi, masu ciki, kowa. Ashe Malam Bala da aka ba shi na'urorin ya ga buɗe wa kowa akawun wahala ne, sai ya sa imel ɗaya da fasuwod ɗaya, wato kalmar sirri, a duka, komai aka ɗauka ya hau sama, wato kilawud ɗin nan, ya sauko a hannun kowa. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, samarin sun sani. Tun farko sun sani, ba wanda ya buɗe baki. Shafi'u da ya ga na gani ko kunya babu, cewa ya yi, "Hajiya likitan awaki, sai yau kika farka? Ashe matar Liman haka take da gashi." Sauran suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce in na koma in gaishe masa da mai jar akuya. Waɗannan fa mutane ne da in sun je garin a bayan Liman suke sallah, su durƙusa su gaishe shi a zaure, a fito musu da fura daga hannun matar da suke kallo. Allah ne ya riƙe hannuna ban fasa masa tabilet ɗin a baki ba, amma abin da na faɗa masa game da tarbiyyarsa ba zan rubuta a nan ba.

Na samu Malam Bala. Na zaci zai tashi hankalinsa, sai ya ce in zauna in sha ruwa. Wai haba ɗiyata, hoto ne fa, ba wanda suka taɓa. Na ce Malam in hoton Hajiyarka ne da ɗaurin ƙirji a hannun Shafi'u haka za ka ce? Ya ce ba ni da kunya, kuma zai faɗa wa Babana irin bakin da na yi. Daga baya ya kira samarin ya ce ya ja musu kunne, ya karɓi na'urorin ya ce ya share komai. Washegari da netwok ya kama, hotunan suka sake saukowa tsaf kamar ba a taɓa su ba, don na cikin na'urar ya share, na sama suna nan. Na ce to a kira babban ofis su raba mana akawun, aikin da ba zai ci musu yini ba. Ya ce a'a. In ya kira dole ya faɗi cewa bai bi abin da aka ce a tirenin ba, za su iya cire shi, za su iya rufe shirin a yankinmu gaba ɗaya, in yi haƙuri zai nemo mai gyara a hankali. Yau sati nawa ke nan, mai gyara bai zo ba. Kuma na ji a bakin ɗaya daga cikin samarin cewa Shafi'u ya tura wasu hotunan cikin wayarsa ta kansa, ban gani da idona ba, amma wanda ya iya faɗin waccan magana mi zai hana shi?

A gida ma ba sauƙi. Mama ta ce in ajiye musu kayansu in dawo suyar awara, in yi shiru, Allah ya ga zuciyata. Yayana cewa ya yi su ma matan mi ya kai su tsayawa hoto ba lulluɓi, na ce a cikin gidan mazajensu, gaban mace, bayan an rantse musu? Ya ce ni dai na cika zafi. Baba ko bai ce komai ba sai, Bala abokina ne tun muna yara, kada ki zubar masa da mutunci. Mutuncin Bala. Na matan mutane fa, a kasuwa aka sayo shi?

Ga inda na tsaya. In na faɗa wa Malama Rabi, ba za ta ɓoye wa mijinta ba, na san ta. In Liman ya ji, magana ɗaya zai yi bayan sallar Juma'a, babu gidan da zai sake barin tabilet ya shiga, daga nan har ƙauyukan da ke jin maganarsa. Ga damina ta kankama, lokacin da zawo da mura ke kwashe awaki, likita kuma sai ta wannan hanyar. Kuma akwai mazan da ba za su tsaya tambayar ya aka yi ba, matar za su hau da faɗa, wata ma a ce ta tafi gidansu, a kan abin da ba ta sani ba. In kuma na yi shiru, kullum zan shiga gidajen nan a shimfiɗa min tabarma, a ce ga ta gidan Liman, ni kuma na san fuskokinsu da jikinsu suna hannun 'yan iska a bakin shagon caji. Tun da na gano na daina ɗaukar kowa, dabbar kawai nake ɗauka in ce na'ura ce ke gardama, to ƙaryar ma ta ishe ni. Malama Rabi ba takarda ta nema a wurina ba, wallahi ta nema, na ba ta.

Shekaranjiya ta aiko min da murya ta wayar Liman. Tana dariya, wai jar akuya ta haihu, tagwaye, duka mata, in zo ranar Alhamis in sa su a shirin tun da wuri, har ta ce ta ajiye min ƙwan zabi.

Na riga na yanke abu biyu, ba a kansu nake neman shawara ba, kada wani ya wahalar da yatsunsa. Na farko, gobe zan kira likitar nan kai tsaye in faɗa mata komai, mace ce, ita ta san wa za ta samu a babban ofis a raba akawun a share na sama, a kuma karɓi wayar Shafi'u a duba. Malam Bala ya ji haushi, Baba ya yi fushi, aikin ma in sun ga dama su karɓe. Na biyu, Alhamis zan je, kuma ba zan fito da tabilet daga jaka ba sai na faɗa wa Malama.

Abin da nake so ku taya ni shi ne yadda zan yi. In ja ta ɗaki mu biyu in faɗa mata, in bar mata ta san yadda za ta kai wa Liman da sauran matan, ko in roƙi a kira shi zaure in faɗa da bakina don kada nauyin ya faɗa kanta? In faɗi sunayen samarin, ko in ce ma'aikata kawai, don ina tsoron abin da matasan garin za su yi musu in sun sake shigowa, duk da ni ba tausayinsu nake ji ba? Kuma matan aure na cikin guruf ɗin nan, ku nake so ku fi ba ni amsa, in ke ce, ta wace hanya za ki so ki ji?

Abin da na sani dai, ta taɓa tambayata wa zai gani, na ba ta amsar da ba daidai ba. Ranar Alhamis zan zauna a tabarmar nan in ce Malama ki sake tambayata. In ta gama ji, in ta ce in ɗauki tagwayen zan jira ta sa hijabinta, in ta ce in fita mata daga gida zan ɗauki takalmina, ƙwan zabin ma ta bar abinta.